Farin Ƙwan Fitila a Lungun Inna

Magariba ta kawo jiki a Kaura Namoda. Kaji sun shige akurki, hayaƙin murhu ya kwanta a kan rufin gidaje bai tashi ba, don iska ta ɗauke cak. A gidan Zakariyya mai awon hatsi, matarsa Ladidi tana kwashe tuwon dawa, 'yarsu Mairama mai shekara goma sha huɗu kuma tana durƙushe bakin randa tana wanke kwanuka. Shi maigidan yana tsaye tsakar gida da buta a hannu, amma ba alwala yake yi ba. Kansa na sama. Sabon ƙwan fitilar da ya rataya a kan doguwar gora da hantsi yake kallo, yana jira a kawo wuta.

Aka kawo. Ƙwan ya ƙyafta sau biyu, sannan ya buɗe, fari fat, har mutum na iya ganin tururuwa tana jan tsaba a ƙasa. Hasken ya cika lungun bayan ɗaki, ya haura katanga, ya zube a gidan ƙaninsa Muhtari. Zakariyya ya yi murmushi, irin wanda ya yi wata biyu bai yi ba.

Bai rufe baki ba dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Kwaram!

Ladidi ta saki mara. Na biyu ya faɗo, na uku ya bugi randa ta tsage, ruwa ya bi ƙafar Mairama.

"Malam, wa ka jifa?" in ji Ladidi.

Ya fita da sauri ya duba ƙofar gida. Babu kowa sai dattawa biyu da ke tafiya masallaci a hankali. Ya dawo ya ɗauki dutse ɗaya ya juya shi a tafin hannu. A jiƙe yake sharkaf, ga gansakuka kore shar a jikinsa, alhali an yi wata guda rabon garin da ruwan sama. Kuma ba daga waje ake jifar ba. Daga lungun da ƙwan yake haskawa take fitowa, lungun da kowa ke gani fayau babu ko kyanwa a cikinsa.

To, wanda bai san farkon zancen ba zai ce aljanu ne suka fara tsokana. Wallahi ba su ba ne.

Gidan na ubansu ne, da ya rasu aka raba shi biyu da katangar ƙasa. Zakariyya ya girmi Muhtari da shekara tara, a wuyansa ma Muhtari ya fara kallon jirgin ƙasa yana shigowa tasha. Sai ga shi yaron jiya ya zama direban babbar mota, yana kai dawa da wake Kurmi, yana dawowa da kaya iri-iri. Ya yi wa sashensa daɓen siminti, Zakariyya ya haɗiye. Ya sa ƙofar ƙarfe, Zakariyya ya haɗiye. Abin da ya tsaya masa a maƙoshi ƙaramin abu ne, abin dariya: ƙwan fitila.

A unguwarsu wuta ba ta zuwa da ƙarfi. In an kawo ta, jan ƙwan da kowa ya saba da shi sai ya yi ja-ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa, har sai an kunna fitilar kananzir a ƙarƙashinsa kafin a ga bakin kwano. Haka aka saba, ba mai yi wa wani gori. Sai a shekara ta huɗu da ƙaddamar da shari'a a Gusau Muhtari ya dawo daga tafiya da waɗansu fararen ƙwai masu kama da yatsu biyu a lanƙwashe. Ya ɗauko ɗaya a kwali, ya zo ya durƙusa gaban yayansa.

"Yaya, ga tsaraba. Wanga ba ya shan wuta, ko rabi anka kawo sai ya haska. Ba ya zafi, kuma yana daɗewa."

Zakariyya ya dubi kwalin, ya dubi sabon agogon da ke hannun ƙanin nasa, wani abu ya taso masa.

"Mu mun saba da namu. Wanga fari kamar likkafani, kai shi gidanka."

Muhtari ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya ga fuskar ba ta wasa ba ce sai ya tattara kwalinsa ya fita.

Tun daga ranar, kowace magariba gidan Muhtari sai ya yi tas kamar rana ba ta faɗi ba. Matan maƙwabta suka koma can suna ɗinkin hula da tsintar shinkafa. Zakariyya ya ce ai shi ma ya san hanyar kasuwa. Ya cire jan ƙwai mai lamba sittin ya sa mai ɗari, bai ga bambanci ba. Ya sa mai ɗari biyu, wannan ya narkar da mazauninsa, ɗaki ya cika da ƙauri, hasken kuwa yana nan jiya-i-yau. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya ƙona shi ƙurmus shi ne ranar da ya ga Mairama ta rungumi littattafanta ta nufi ƙofa. Ita ce mai sunan mahaifiyarsa, shi ya sa ba ya kiran sunanta, Uwata yake ce mata, kuma duk cikin 'ya'yansa babu wadda yake ji kamarta.

"Uwata, ina zuwa?"

"Gidan Baffa, Baba. Nan idona ciwo yakai in na yi karatu."

Kishi dai ba ya jin kunya. Dattijo da furfura a gemu, sai ga shi ya koma laɓe. A bayan tsohon ɗakin mahaifiyarsu akwai wani ɗan lungu tsakanin ɗakin da katanga, inda rana ba ta shiga. Tun suna yara Inna ta kafa doka a kansa: ba a kai wuta wurin, ba a zuba ruwan zafi, ba a share shi bayan la'asar. Ita kanta takan zauna a bakinsa da yamma tana kaɗi, tana 'yan maganganu ƙasa-ƙasa, ba wanda ya taɓa tambayarta da wa take yi. A cikin lungun akwai fasasshen turmi a kife, a jikin katangar kuma akwai tsaga. Nan Zakariyya ya mayar wurin zamansa tsakanin magariba da isha. Ya zauna a kan turmin cikin duhu, ya kafa ido a tsagar, yana kallon 'yarsa a kan tabarmar ƙaninsa tana dariya cikin farin haske. Yana kallo yana magana shi kaɗai, munanan maganganu waɗanda ba zai iya faɗa da rana ba. Wata biyu cur yana haka.

Daga ƙarshe ya yanke shawara zai sayi nasa. Amma ba a Kaura ba, inda mai shago zai iya gaya wa Muhtari. Ranar Alhamis ya shiga mota ya tafi kasuwar Shinkafi, ya samu mai kayan wuta a layin 'yan rediyo. Mutumin ya baje masa su a kan tebur.

"Na ɗaki kake so ko na tsakar gida, Alhaji? In ɗaki na, ɗauki wanga ƙarami mai sha ɗaya, hasken mai sittin gare shi. Tsakar gida kuma mai sha takwas ya isa. Ka riƙa jin nauyin gindin, wanda ba nauyi jabu na, sati biyu ya mutu."

"Wane na babba duka?"

Mai shagon ya jawo wani daga ƙarƙashin tebur, murɗaɗɗe kamar igiyar guga a naɗe, tsawonsa ya kusa kamu guda.

"Wanga ai na masallacin Juma'a na, ko tashar mota. Gida ya yi mashi kaɗan. In don tsimin wuta kake so, ƙarami ya fi."

"Ban tambaye ka tsimi ba. Naɗe min shi."

Da ya dawo ya zagaya gidan yana neman inda zai rataya shi hasken ya faɗa gidan Muhtari sosai. Wuri ɗaya ne kawai katangar ta yi gajarta: lungun Inna. Da safe ya kafa gora a tsakiyarsa, ya ja waya.

"Malam, lungun Inna fa," in ji Ladidi.

"Zamanin shari'a muke, an bar camfi," ya ce da ita. Ka ji fa, mai laɓe ne yake wa'azi.

Wannan shi ne ƙwan da aka kunna a daren jifar farko. Washegari Ladidi ta roƙe shi ya sauke, ya ƙi, don in ya sauke Muhtari zai ce ya gaza. Magariba ta biyu jifar ta dawo, ta fi ta jiya. Da ta lafa sai shiru ya sauka, shirun da ko gyare ba ya kuka a cikinsa. A cikin shirun nan aka kira shi daga lungun, a hankali, da muryar tsohuwa:

"Zakari."

Tun da Inna ta rasu ba wanda ya ƙara kiransa haka. Ya shige ɗaki ya ja ƙofa, ya ce da Ladidi kunnensa ne.

A magariba ta uku babu jifa. Aka kawo wuta, ƙwan ya buɗe, gidan ya yi tsit. Mairama tana zaune tana cin tuwo, sai ta ajiye lomar da ta ɗauko, ta miƙe, ta taka a hankali har cikin lungun. Ta tsaya ƙarƙashin gorar, ta kare fuska da hannu, bayanta ya ranƙwafa kamar na 'yar shekara tamanin. Sai ta yi dariya. Ba dariyarta ba ce. Kafin uwarta ta isa wurin ta zube.

A take Zakariyya ya tumɓuke gorar, ƙwan ya fashe a ƙasa, amma aikin gama ya gama. Kwana uku yarinyar ba ta ci ba, ba ta san uwarta ba. Da rana tana kwance ido a kafe, da magariba ta yi sai ta fara kuka da muryar tsohuwa, in an kusanto da ko ashana ce sai ta ƙwalla ƙara. Ƙarfinta ya fi na maza biyu, jikinta kuwa kullum ƙara zubewa yake yi. Zakariyya yana zaune gefenta yana kiran "Uwata, Uwata," ita kuma in ta juyo sai ta kafe shi da wani kallo na wadda ta san shi fiye da yadda yake so.

Da a da ne, da tsofaffin unguwa sun ce a kira masu garaya, 'yan bori. Amma tun da shari'a ta zo suka watse, waɗansu sun tsallaka Nijar, waɗanda suka rage sun ɓoye kayansu. Muhtari ne ya ari ƙaramar mota ya tafi Zurmi da kansa ya ɗauko Malam Maccido, wani siririn dattijo mai sanyin murya, wanda ake kai wa masu irin wannan lalura daga ƙauyuka masu nisa.

Suka iso bayan la'asar. Malam ya sa aka shimfiɗa tabarma a ɗakin Ladidi, aka lulluɓe yarinyar da mayafi. Ladidi ta riƙe kan yarinyar, Muhtari ya danne ƙafafunta, Zakariyya ya tsaya bakin ƙofa. Malam ya zuba garin magani a kasko ya yi hayaƙi, ya matso kusa da kunnenta ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Ya yi ta karantawa, inuwa tana tsawo a tsakar gida, har hasken da ke shigowa ta taga ya koma ja. Sai jikin yarinyar ya sandare.

"Ya isa, ɗan Zurmi. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Mai Lungu. Haka uwarsu ka ce min. Tun ba a gina gidanga ba nike nan."

"Mi yarinya ta yi maki?"

"Ba ta yi min komi ba. Sunan ƙawata gare ta, har ina sonta." Muryar ta ja numfashi mai tsawo. "Ubanta ya yi min."

"An haska maki wuri, an sauke. Sai mi kuma?"

"Haske!" Ta yi tsaki. "Kai ma haka kake zato? Tun da tsohuwa ta mutu, shekara goma sha ɗaya, ba wanda ya zauna da ni. Sai shi. Ya zo ya hau turmina, kullum, kullum. Yana magana, ina ji. Na ce na samu abokin hira. Ashe ba don ni yake zuwa ba. Ran da ya samu farar kwalbarshi sai ya rataya ta bisa kaina, ya tsaya yana yi mata murmushi. Ni wata biyu bai taɓa yi min ba. To ni ma na ɗauki abin da yake so, shi ji in da daɗi."

Malam Maccido ya ɗaga kai ya dubi Zakariyya.

"Ka san mi yake faɗa min?" in ji muryar. Idanun Mairama suka juya a hankali suka sauka a kan Muhtari. "Kai, mai riƙe da ƙafa, da kai ake. Cewa yakai, Allah ya sa motarka ta kife a hanyar Kurmi. Allah ya sa a kawo ka cikin buhu, shi ga wa za shi kunna farar fitila. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba."

Ladidi ta yi salati. Muhtari bai saki ƙafafun ba, sai dai ya girgiza kai da ƙarfi.

"Ƙarya take, Malam. Yaya shi ya goye ni. Ku kuke ce mana maƙaryata na su."

"Haka na," in ji Malam. "Ba a kafa shaida da bakinsu." Ya koma kan yarinyar. "Ke, ba hira ta kawo ni ba. Za ki fita ko in ci gaba?"

"Ci gaba. Ka ƙona ni, ni kuma in tafi da harshenta, ku zauna da bebiya. Ko kuwa a yi mai sauƙi. Ba ni son jini, ba ni son turare, lungun ma na bar maku, akwai tsohon tarago bayan tasha, ya fi shi duhu. Abu guda nike so. Ga shi can tsaye yana yi kamar bai san ni ba. Shi ce ya san ni. Shi ce gaskiya na faɗi. In ya faɗa, na rantse da Wanda ya halicce ni da ku, na fita ba ni dawowa."

Malam ya juya ya ce, "Zakariyya, ban tilasta ka ba. In ƙarya ta, kada ka ɗauki laifin da ba naka ba, ni zan ci gaba da karatu, Allah na nan. In kuwa gaskiya ta, kai ka sani."

Ƙofa a buɗe take gare shi. Ƙaninsa ya riga ya wanke shi, Malam ma ya ba shi mafita. Kalma biyu kawai zai ce, ƙarya take, ya tsira da mutuncinsa har ya mutu. Ya buɗe baki don ya faɗe su. Sai idonsa ya faɗa kan hannun Mairama da ya zamo daga mayafi, ya rame har warwaronta ya gangaro tsintsiyar hannu, ga ragowar lallen da ta sa ranar Juma'a. Kunya ta rufe shi, tsoro ya fi kunyar. Ya durƙusa a bakin ƙofar.

"Na san ki," ya ce. "Gaskiya ta faɗi, Muhtari. Na faɗa. Duk na faɗa."

Aka ji dariyar tsohuwar, amma wannan karon a sanyaye, kamar ta wadda aka biya wa bukata bayan ta daina sa rai.

"To, sai wata rana, Zakari."

"Ba wata rana," in ji Malam. "Bi ta ɗan yatsan ƙafa, kada ki taɓa ido ko kunne. Fita."

Ƙafar hagu ta yi ta karkarwa a hannun Muhtari, sannan ta saki. Mairama ta yi atishawa sau uku. Ta buɗe ido, nata na gaske, ta dubi rufin ɗaki, ta dubi uwarta.

"Inna, ƙishirwa nike ji." Ladidi ta rungume ta tana kuka tana hamdala. Yarinyar ta leƙo ta kafaɗar uwar. "Baffa, mi ya sa kake hawaye?"

"Hayaƙi na, ɗiyata," in ji Muhtari.

Ya miƙe a hankali, gwiwoyinsa sun sage don daɗewa a durƙushe. A waje ladan ya fara kiran magariba. Ya zo zai fita, yayansa na durƙushe a bakin ƙofar ya tare hanya, kai a ƙasa. Muhtari ya tsaya a kansa.

"Yaya, gobe da asuba zan ɗauki hanya. An riga an yi lodi." Ya buɗe tafukan hannunsa. "Yi min addu'a. Da ƙarfi, yadda zan ji."

Zakariyya ya ɗaga hannu. Addu'ar da yake jefa wa kowane baƙon direba a kasuwar hatsi ba tare da ya ko dube shi ba, yau ita ce ta yi masa nauyi.

"Allah ya kiyaye hanya. Allah ya maido ka lafiya."

Muhtari ya tsaya da hannuwa a buɗe, bai shafa ba, yana jira ya ji ko zuciyarsa za ta karɓa. Ladidi ta sunkuyar da kai, Malam yana naɗe mayafinsa. Daga kan tabarma Mairama, wadda ba ta san komai ba, ita kaɗai ta ce amin.